Jagora ga Iyaye: Yadda Ake Shigar da Yaro Harkar Tallan Tufafi da Hoto

Shekarar da 'yata ta cika biyar, ana saura kamar mako uku ƙaramar Sallah, maɗinkiyar da ta daɗe tana yi mana ɗinki ta ce mini, "Hajiya, don Allah ki ara mini 'yar nan taki ta sa mini kaya uku in ɗauke ta hoto, sai in bar mata ɗaya." Na amince nan take, domin a ganina taimakon maƙwabtaka ne kawai. Bayan wata biyu wata ƙawata ta turo mini ɗaya daga cikin hotunan, ta gan shi a shafin wani mai sayar da yadi a garin da ban taɓa zuwa ba, an rubuta farashi a gefen fuskar yarinyar. Maɗinkiyar ba ta yi da mugun nufi ba, ita ma kwafe mata aka yi, amma ranar na gane cewa rigar da aka ba mu za ta yi wa yarinyar kaɗan kafin wata Sallah, hoton kuwa zai ci gaba da yawo ba tare da sanina ba. Abin da zan bayyana a nan shi ne abin da na koya bayan wannan rana, a shekarun da muka ci gaba da harkar bisa tsari.

Harkar da matasa ke kira modelin ita ce a sa wa mutum tufafi, ko a ba shi wani kaya ya riƙe, a ɗauke shi hoto ko bidiyo domin a jawo masu saye. A Hausa kalmar talla tana da nauyi, domin da zarar dattijo ya ji ta, abin da yake hangowa shi ne yarinya da faranti a ka tana yawo a tasha. Wannan fargaba ta iyayenmu tana da tushe, kuma bai dace a yi mata dariya ba, domin abin da suke gudu a tallan titi, wato a mayar da yaro hanyar samun kuɗi a bar shi a hannun baƙi, yana iya faruwa a ɗakin ɗaukar hoto mai sanyin na'ura. Bambancin yana hannun iyaye. A wannan harka yaro yana tsayawa ne a gaban kyamara na ɗan lokaci, amma bincike da ciniki da karatun takarda da tsaro duk aikin uwa da uba ne, kuma wanda ba shi da lokacin yin su gara ya haƙura tun farko.

Mataki na farko: a gama magana a gida

Kafin a ɗauki hoto ko ɗaya, uwa da uba su zauna su yarda a kan abin da za su amince da shi da wanda ba za su amince ba. Na sha ganin uwa ta fara a ɓoye, sai maigida ya ga hoton 'yarsa a wayar abokin aikinsa, abin da ya fara da rigar Sallah ya koma rikicin aure. Haka nan kakanni suna da haƙƙin a sanar da su, musamman a gidan da ake zaune tare. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin hoto, don haka wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malamin da ya yarda da shi tun yanzu, kada ya bari sai an sa hannu a takarda. A wannan zama ne za a shata iyaka: irin suturar da yaron zai sa, ko yarinya za ta fito da kai a buɗe, ko za a yarda da bidiyo ko hoto kaɗai, da kuma kayayyakin da ba za a tallata ba ko nawa za a biya.

Bayan haka sai a dubi yaron kansa, kuma a nan ne son zuciyar iyaye ya fi yin ɓarna. Kowace uwa tana ganin ɗanta ya fi na kowa kyau, amma masu ɗaukar talla sun fi damuwa da hali. Suna neman yaron da ba ya tsoron baƙuwar fuska, wanda zai iya bin umarni mai sauƙi kamar "juyo nan" ko "ɗaga hannu", wanda kuma zai jure a canza masa kaya sau biyar ba tare da kuka ba. Ana iya gwada wannan a gida: a roƙi wani ɗan uwa da yaron bai saba da shi sosai ba ya ɗauke shi hoto na minti goma sha biyar yana ba shi umarni, uwa tana gefe ba ta sa baki. Idan yaron ya ɗauki abin wasa, to alama ce mai kyau. Idan ya maƙale a jikin uwa ko ya sunkuyar da kai, kunyarsa ba aibi ba ce, kuma bai kamata a yi ta lallashinsa da alewa har ya yarda ba. A bar shi, a sake gwadawa bayan shekara idan ana so.

Mataki na biyu: sanin inda aikin yake

Yawancin yaran Arewa da ke wannan harka suna farawa ne da ƙananan 'yan kasuwa: teloli da maɗinka, masu shagon kayan yara, masu sayar da hijabi da abaya da huluna, 'yan atamfa da shadda irin na Kantin Kwari da suka buɗe shafuka a Instagram da TikTok, da makarantu masu zaman kansu da ke son hoton ɗalibai a takardar tallarsu. Aikin yana yawaita gabanin Sallah biyu da lokacin komawa makaranta. Ladan ba shi da yawa, wani lokaci ma kaya ake bayarwa a madadin kuɗi, amma wuri ne mai kyau na koyo domin yana kusa da gida kuma galibi an san mai kayan.

Manyan tallace-tallace kuwa, irin na kamfanonin sadarwa da bankuna da masu taliyar yara da sabulu, kusan duka a Legas ake shirya su, kaɗan a Abuja. Tun daga 1 ga Oktoba 2022, ARCON, hukumar da ke kula da harkar talla a Najeriya wadda ta gaji APCON a wannan shekarar, ta hana amfani da 'yan ƙasashen waje a matsayin fuska ko murya a tallan da ake yi wa 'yan Najeriya. Wannan ya ƙara buɗe ƙofa ga 'yan gida, kuma kamfanin da ke son sayar da kayansa a Kano ko Sakkwato yana buƙatar yaron da ke jin Hausa. Sai dai wanda ke zaune a Arewa ya yi lissafin kuɗin mota ko jirgi da masauki da kwanakin makarantar da za a rasa, domin sau da yawa ana kiran tantancewa ne da sanarwar kwana ɗaya ko biyu, kuma ba a biyan kuɗin zuwa.

Akwai tallan da ya kamata iyayen jarirai su sani cewa doka ta taƙaita shi. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 1981, wadda NAFDAC ke aiwatarwa a nan, ta hana tallata madarar gwangwani da ke maye gurbin nonon uwa, ta kuma hana sa hoton jariri a jikin gwangwaninta. Duk wanda ya nemi jaririnku domin irin wannan talla, ko bai san aikinsa ba ko yana shirin karya doka da fuskar ɗanku.

Mataki na uku: hotuna da awo

Ba a buƙatar kashe kuɗi a situdiyo tun farko, domin yaro yana canzawa cikin 'yan watanni, haƙori ya faɗi, tsawo ya ƙaru, hoton ya tsufa. Wayar da ke hannunku ta isa. A tsayar da yaron a jikin farin bango ko labule marar zane, da safe ko bayan la'asar lokacin da rana ta yi sanyi, haske yana dukan fuskarsa daga gaba. A ɗauki hoton fuska yana murmushi, da wani bai yi murmushi ba, da na tsaye daga kai zuwa ƙafa, da na gefe. Kayan su zama masu sauƙi, babu hoda ko jan baki ko gashin ido, kuma kada a gyara hoton da manhajar da ke ƙara haske ko sumul ɗin fata, domin mai neman yaron yana son ganin wanda zai shigo masa ranar aiki.

A nan dole in tsaya a kan wani abu da ke ci mini rai. Akwai iyayen da ke shafa wa yara man bilicin saboda sun ɗauka farin yaro ya fi samun talla. Irin waɗannan mayuka sukan ƙunshi sinadarai masu ƙarfi da ke sirantar da fata, wasu ma suna taɓa ƙoda, kuma fatar yaro ta fi ta babba saurin tsotse su. A 2023 NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Duk mai talla da ya ce a ɗan haskaka yaron kafin ranar aiki, a tashi daga wurinsa kada a sake komawa.

Tare da hotunan a rubuta awon yaron: tsawo, ƙirji, ƙugu, tsawon hannu, lambar takalmi, da wata da shekarar haihuwa. Tela zai auna shi cikin minti biyar. A sabunta awon da hotunan duk bayan wata uku ga ƙanana, duk bayan wata shida ga waɗanda suka haura shekara biyar. Lambar wayar da za a bayar ta uwa ce ko ta uba, kuma kada a rubuta adireshin gida ko sunan makarantar yaron.

Mataki na huɗu: wakili na gaskiya da na bogi

Hanya biyu ce ake samun aiki. Ko dai iyaye su riƙa hulɗa kai tsaye da masu kaya, ko su yi rajista da kamfanin wakilci, wanda ake ce wa ejensi, shi ya riƙa nemo aiki yana cire la'adarsa. Ga wanda ke Kano ko Kaduna ko Jos kuma da ƙananan 'yan kasuwa yake aiki, hanya ta farko ta wadatar. Manyan kamfanoni kuwa ba kasafai suke hulɗa da iyaye kai tsaye ba, ta hannun wakilai suke bi.

Ƙa'idar da za ta raba ku da mafi yawan 'yan damfara ita ce wannan: wakili na gaskiya yana cin abinci ne daga la'adar aikin da ya samo, galibi kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na ladan yaron, kuma sai an biya yake cirewa. Wanda ya fara da neman kuɗin fom mai tsada, da kuɗin horo na dole, da kuɗin hoton da sai a wurin mai ɗaukar hotonsa za a yi, to kasuwancinsa karɓar kuɗin iyaye ne, ba shi da buƙatar nemo wa kowa aiki. Haka nan wanda ya yi alkawarin cewa tabbas yaronku zai fito a tallan wani babban kamfani, domin wakili ba shi ne mai zaɓe ba, kai yaro wurin tantancewa kawai yake yi. Akwai kuma gasar kyawun yara da ake shiryawa a intanet, inda ake sayen ƙuri'a da kuɗi, iyaye su yi ta roƙon dangi a turo. Wanda ya fi tara kuɗi shi ke cin gasar, kuma ban ga alaƙarta da samun aikin talla ba.

Kafin ku miƙa hoton yaro ga kowane wakili, ku nemi cikakken sunan kamfanin da lambar rajistarsa, ku duba a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, inda kowa ke iya bincika suna kyauta. Rajista kaɗai ba ta tabbatar da amana, saboda haka ku je ofishin da ƙafarku, ku tambayi tallace-tallacen da yaransu suka fito a ciki kwanan nan, ku nemi a haɗa ku da iyaye biyu ko uku da suka yi aiki da su. Tambayar da na fi yi wa irin waɗannan iyaye ita ce ko an biya su a kan lokaci, da kuma ko an taɓa hana su shiga wurin da ake ɗaukar ɗansu.

Wasu alamun kuma sun wuce damfara, sun kai ga haɗari. Wanda ya tura wa yaron saƙo kai tsaye maimakon iyayensa, wanda ya nemi hoton yaro da kayan ciki ko kayan wanka wai don ganin yanayin jiki, wanda ya sa wurin tantancewa a ɗakin otal ko gidan kansa, da wanda ya yi tayin tafiya da yaron wani gari ko ƙasar waje ba tare da iyaye ba yana neman a ba shi fasfo, duk waɗannan ba a tsayawa ciniki da su. Alkawarin aikin modelin yana cikin tarkon da masu safarar mutane ke ɗanawa, kuma NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane wadda aka kafa a 2003, tana karɓar irin wannan ƙorafi. A adana saƙonnin da lambar wayar a kai rahoto, domin wanda ya kasa samun ɗanku zai gwada na wani.

Mataki na biyar: ranar tantancewa

Wannan ba shi da wahala. A je da wuri, yaron ya ƙoshi kuma ya yi barci, a sa masa kaya masu sauƙi. Za a jira na awa ɗaya ko fiye, a gan shi na 'yan mintoci, a ce za a kira. Mafi yawan lokuta ba za a kira ba, kuma dalilin yakan zama tsawo ko lambar kaya ko kamanni da wanda zai fito a matsayin uba a tallan. Ni ban taɓa gaya wa 'yata cewa gasa ce ba, nakan ce mata, "Mamana, za mu je a ɗauke ki hoto mu dawo." Yaron da aka sa wa rai cewa zai fito a talabijin zai ɗauki rashin kira a matsayin an ce ba shi da kyau, kuma wannan tabo ne da bai cancanta ba.

Mataki na shida: takardar yarjejeniya

Nan ne ya kamata iyaye su fi ɓata lokaci, kuma nan ne muka fi sakaci saboda kunya da ganin ido. Yaro ba ya ƙulla yarjejeniya da kansa, uba ko uwa ke sa hannu a madadinsa, kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta wajabta neman izinin iyaye kafin a yi amfani da bayanan yaro, hoto kuwa yana cikinsu. Saboda haka neman takarda haƙƙinku ne, ko da mai kayan ƙanwar mahaifiyarku ce. Idan aikin ƙarami ne, rubutu a shafi ɗaya da sa hannun ɓangarorin biyu ya isa, ko aƙalla saƙon WhatsApp da aka fayyace komai aka amsa da amincewa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne kuɗi iri biyu ake biya a talla. Akwai ladan ranar aiki, wato wahalar tsayuwa a gaban kyamara, akwai kuma kuɗin amfani da hoton, wanda ya danganta da inda za a sa shi da tsawon lokacin da zai yi. Hoton da zai zauna a shafin Instagram na wata uku ba daidai yake da wanda za a manna a allon talla a kan titin Zariya, ko a buga a jikin kwalin kaya da za a yi shekaru ana sayarwa ba. Don haka takardar ta ambaci wurin amfani ɗaya bayan ɗaya, da ƙasashen da abin ya shafa, da ranar farawa da ranar ƙarewa, ta kuma ce duk amfanin da ya wuce wannan sai da sabon izini da sabon biya. Idan kuka ga an rubuta cewa kamfanin zai yi amfani da hoton har abada, a ko'ina, ta kowace hanya, to ku sani ana neman a saye fuskar yaron gaba ɗaya ne, kuma yaron da ya yi tallan kunzugun jarirai yana iya kai shekara goma sha biyar hoton yana nan. Ni ba na sa hannu a kan abin da ya wuce shekara biyu, kuma daga baya na riƙa ƙara sharaɗin cewa ba za a sayar wa wani hoton ba, ba kuma za a ba manhajar ƙirƙirarriyar basira ta sarrafa fuskar yaron ta fitar da sababbin hotuna ba.

A duba sharaɗin keɓancewa. Kamfanin taliya yana iya hana yaron fitowa a tallan wata taliya na wani lokaci, wannan abu ne da aka saba, amma a tabbata an ambaci irin kayan da tsawon lokacin, kuma an ƙara kuɗi saboda shi. A rubuta ranar biya, domin manyan kamfanoni sukan ɗauki wata ɗaya zuwa uku kafin kuɗi ya fito ta hannun wakili. Ga ƙananan 'yan kasuwa kuwa gara a karɓi rabi kafin alƙalami, sauran a ranar aiki. A rubuta awannin aiki, da wanda zai ɗauki nauyin mota da abinci da masauki, da abin da za a biya idan su suka soke aikin bayan kun iso. Sharuɗɗa biyu kuma ba na sassauci a kansu: uwa ko uba za su kasance a inda suke ganin yaron daga farko har ƙarshe, kuma za a nuna mana kayan da zai sa kafin ranar. Yarjejeniyar wakilci ita ma a karanta ta da kyau, musamman tsawonta da yadda ake fita daga cikinta, kuma idan kuɗin aikin yana da yawa, abin da za a ba lauya ya duba takardar bai kai asarar da zai tare ba.

Mataki na bakwai: ranar aiki

A shirya jaka tun dare: ruwa, abincin da ba ya ɓata kaya, tawul, man shafawa da matajin yaron na kansa, abin wasa ko littafi, da sallaya. A gaya wa mai kwalliya idan fatar yaron ba ta son wani abu. Ke uwa ke za ki canza masa kaya, a wurin da aka killace, babu kyamara kuma babu baƙo.

Da an fara ɗauka, a bar mai ɗaukar hoto ya yi aikinsa, domin yaron da ke jin umarni daga bakin mutum biyu rikicewa yake yi. Aikin iyaye a lokacin shi ne lura. Fitilun situdiyo suna da zafi, ƙaramin yaro kuma yakan gaji tun kafin awa biyu, kuma alamar gajiyarsa ita ce murza ido da ƙin kallon kyamara da fushi marar dalili. Idan kuka ga haka ku nemi hutu, idan hutu bai yi magani ba ku ce a tsaya. Na taɓa cewa wani mai ɗaukar hoto, "Malam, ka yi haƙuri, ta gaji, abin da aka samu ya isa," ransa bai so ba, amma mai kayan ta sake kiranmu. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, wadda jihohi ke da nasu kwatankwacinta, ta sa maslahar yaro gaba da komai, ta kuma haramta sa shi aikin da ya zama ci da guminsa, kuma ba a soke wannan don an biya kuɗin situdiyo. Game da makaranta, ranakun Asabar da Lahadi da lokacin hutu su ne na aiki, tare da lura da Islamiyya. Lokacin jarrabawa kuwa ba a karɓar aiki.

Mataki na takwas: kuɗin na wane ne

A Amurka an yi wani yaro tauraron fim a shekarun 1920, Jackie Coogan, wanda ya tara dukiya mai yawa, da ya girma ya tarar mahaifiyarsa da mijinta sun kashe kusan duka, har ya kai su kotu a 1938. Sanadiyyar haka jihar Kalifoniya ta yi doka a 1939 mai ɗauke da sunansa, kuma a yau tana tilasta a ajiye kashi 15 cikin ɗari na ladan yaro a asusun da ba mai taɓawa sai ya girma. Faransa ma ta yi doka a 2020 da ta shafi yaran da ke samun kuɗi ta bidiyon intanet, inda ake ajiye musu wani kaso har su balaga. A nan Najeriya babu wanda zai tilasta muku ware irin wannan kaso, don haka abin ya rage tsakaninku da Allah. A shari'ar Musulunci dukiyar yaro tasa ce, waliyyinsa mai riƙon amana ne a kanta.

A buɗe wa yaron asusun yara a banki da sunansa, da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. A ce an yi aikin naira 100,000, wakili ya cire la'adar kashi 20, saura 80,000. A fitar da ainihin abin da aka kashe a mota da abinci, sauran ya shiga asusun, a rubuta a littafi da kwanan wata da sunan aikin. Abin da na fi jin tsoro shi ne gida ya fara dogara da wannan kuɗi wajen cefane ko haya, domin daga ranar uwa ba za ta iya cewa a tsaya ba idan yaron ya gaji.

Shafin intanet da lokacin dainawa

Facebook da Instagram da TikTok duk sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe shafi, saboda haka shafin ƙaramin yaro na iyaye ne, su ke riƙe da lambar sirri, kuma a rubuta a kai cewa uwa ko uba ke kula da shi. Kada a sa hotonsa da kayan makaranta, ko ƙofar gida, ko wurin da ake a daidai lokacin da ake can. A bari sai an dawo. A riƙa duba masu bin shafin, a toshe duk babban da yawan yabonsa ga jikin yaron ya wuce misali. Game da kambun baka, wanda kakar 'yata ta fi damuwa da shi, nakan yi wa yarinyar addu'ar tsarin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi wa Hasan da Husaini, kafin mu fita da kuma bayan mun dawo.

Kafin kowane sabon aiki a sake tambayar yaron ko yana so, a kuma karɓi amsarsa. Wasu yaran sukan daina sha'awa idan abokan makaranta suka fara tsokanarsu, 'yan mata da yawa kuma sukan fara jin nauyin kyamara idan suka doshi balaga, wanda a gidaje da dama shi ne iyakar da aka shata tun zaman farko. 'Yata tana da shekara tara ta ce mini, "Umma, ni na gaji da hoton nan." Na sanar da masu kayan da muke hulɗa da su a rubuce, na bi takardun ɗaya bayan ɗaya na fitar da ranar da izinin kowane hoto zai ƙare, na mayar da shafinta na sirri, kuma duk wanda wa'adinsa ya cika nakan tuna masa ya sauke. Na ƙarshe daga cikinsu ya sauke nasa bayan wata goma sha ɗaya.